Aikin jan wayar intanet a Sakkwato

Shagona a Mabera yake, ni da yara uku, kuma sana'armu jan wayar intanet ga ofisoshi, makarantu, cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, da masu sa kyamarar tsaro a gida. In ka feɗe rigar wayar da muke aiki da ita, za ka tarar da zare takwas, an tuƙa su biyu-biyu sun zama tagwaye huɗu. Murɗin nan shi ne sirrin abin. Shi ke hana saƙon wani layi tsallakawa cikin na maƙwabcinsa, shi ke kuma danne hayaniyar da wayar wuta ke jefowa. Ko matsewar murɗin ma ba ɗaya ba ce, kowaɗanne tagwaye da irin tasu.

A wani kafe na koyi aikin, zamanin da ake bin layi don duba sakamakon jarrabawa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, sai da ya sa na haddace jerin launukan kamar karatun allo kafin ya bar ni in taɓa filaya: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Wannan shi ne tsarin T568B, kuma har yau da shi nake aiki. In na matse kan RJ45, wato kan robar da ake sa wa bakin waya don jona ta da na'ura, na miƙa masa, ɗaga shi yake yi a hasken taga ya leƙa. Da zarar ya ga na warware murɗin ya haura rabin inci, sai ya sa almakashi ya datse, ya ce, "Ɗana, sake." Akwai ranar da na sake sau bakwai. Yanzu haka nake yi wa yarana.

Abin da ya fi ci mani tuwo a ƙwarya shi ne jabun waya. Katon mai mita 305, an rubuta Cat6, wato ajin ingancin wayar, ɓaro-ɓaro a jiki, amma cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Bara wani Alhaji ya ce kuɗina ya yi yawa, ya ba wanda ya yi masa rabin farashi. Wata uku sai ga shi ya kira, wai kyamarorin da ke ƙarshen katanga suna ɗaukewa. Kyamarorin yanzu ta cikin wayar nan suke shan wuta, shi kuwa alminiyam ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, rage ta yake yi a hanya. Na yanki guntu na kankare da reza a gabansa, ja ya tafi, fari ya fito fes. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da aka sayar maka." Mun zare duka muka sake ja, ya biya sau biyu, kuma wallahi ni ma abin ya yi mani zafi.

Sai maganar gwaji, inda nan ne ake raba gwani da ɗan koyo. Ƙaramar testar nan mai fitilu takwas abu ɗaya take faɗa: zare ya kai daga nan zuwa can. Mutum zai iya jera launuka yadda ya ga dama, muddin ya yi iri ɗaya a kai biyun, fitilu su kama reras. Amma ya raba tagwaye, ya haɗa kowane zare da wanda ba abokin murɗinsa ba, sai layi ya riƙa jan ƙafa ba a san dalili ba. Haka kuma zare guda in ya karye, sau da yawa layin zai kama a gudun megabit 100, domin tagwaye biyu ke masa aiki, alhali gigabit, wato megabit 1,000, sai da duka huɗun. Shi ya sa in aiki babba ne nakan yi hayar na'urar Fluke, ta auna tsawo da raunin saƙo da tsallakensa, layi-layi. Kowace waya mu sa mata lamba kai da gindi, mu miƙa wa mai wuri takardar sakamako. Tsawo kuma ba ma yarda ya haura mita 100, tasa'in a cikin gini, goma na guntayen haɗi. In wuri ya fi haka nisa, gaskiya muke faɗa, a sa suwic, na'urar da ke haɗa layuka, a tsakani, ko a ja fayiba, wayar da ke kai saƙo da haske.

Sakkwato kuma da nata halin. Wayar cikin ɗaki in aka bar ta a rana, rigarta bushewa take yi ta tsattsage, don haka ta waje daban muke saye, baƙa mai kauri. A silin ɓeraye ne abokan gaba, sai da bututu. Ba ma lanƙwasa ta a kusurwa kamar an karya kara, ba ma ɗaure ta tamau, ba ma kwantar da ita jikin wayar wuta. Watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, daga sallar asuba muke hawa silin da tocila, kafin ƙarfe goma kowa ya sauko, sauran aikin matse kai a ƙasa ake ƙarasa shi.