Bututun roba da na sayo sau uku

Watanmu biyu da sauka Amurka na fara sanin cewa ana iya haɗa kayan ɗaki da bututun ruwa. Larura ce ta koya mini. Takardar hayar gidan da muka kama ta hana huda bango, ta hana ɗaura igiyar shanya a baranda, kuma duk ramin kusar da aka samu ranar tashi daga kuɗin ajiyarmu za a cire. Injin busar da kaya yana can ƙarƙashin bene, kowane zagaye sai an biya, ga shi yana ƙanƙance rigunan yara. Takalma sun taru a bakin ƙofa kamar na masu zaman makoki. Abin shanya da kantar takalma duk ana sayar da su a shago, amma mutumin da albashinsa na biyu bai shigo ba yakan daɗe yana kallon kaya kafin ya kai hannu.

Wata rana na taimaka wa maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin famfo, ya hau da kaya sama. A falonsa na ga abin shanya da aka haɗa da farin bututun roba, tsaye da ƙafafunsa, ba kusa ba igiya. Ya ga ina ta zagaya abin, sai ya shiga ciki ya fito da wata jaka mai ragowar mahaɗai, wato elbo mai lanƙwasa da ti mai baki uku da soket mai haɗa bututu biyu a miƙe, ya ce in riƙe, bututu kawai zan saya. Na zaro tef na auna kaurin bututun nasa daga waje, na ga inci ɗaya da ɗan ɗigo. Ban tambaye shi komai ba. A raina cewa nake, ai bututu bututu ne.

Na je babban shagon kayan gini na ɗauko wanda aka rubuta wa inci 1, guda huɗu, kowanne ƙafa 10, wato mita uku da ɗan wani abu. Ba mu da mota a lokacin. Saboda in samu shiga bas da su, sai na sayi ƙaramin zarto, na tsuguna a filin ajiye motoci na raba kowanne biyu. Da na iso gida na kara bututun a bakin elbon dattijo, ko alamar shiga bai yi ba. Uwargida ta tsaya a kaina ta ce, "Maigida, ko dai ba irinsa ba ne?" Na ce irinsa ne mana, ni fa na auna da hannuna. Na danna, na murɗa, na buga da tafin hannu, har na fara zargin cewa kayan dattijo ne suka tsufa suka motse. Kuma bututun da aka riga aka yanka ba ya komawa shago, ko da rasit ɗinka a hannu.

Zuwa na biyu na yi wayo kaɗan, na tafi da elbo ɗaya a aljihu. Na gwada har na samu bututun da ya shiga, sai na ga an rubuta masa inci 3/4. Ban fahimci dalili ba, amma na saya. Mahaɗan da dattijo ya ba ni ba za su isa ba, don haka na matsa gaba kaɗan a layin na kwashi ƙari daga wani kwando da shi ma aka rubuta wa 3/4. Launinsu ba fari fat ba ne, yana da ɗan rawaya-rawaya, na ɗauka na wani kamfani ne daban. A gida na tarar waɗannan kuma sun yi wa bututun ƙanƙanta. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, to ni ranar har da tef a hannuna.

Da yamma na haɗiye girman kai na ƙwanƙwasa ƙofar dattijo. Na ce, "Baba, ga 3/4, ga 3/4, amma sun ƙi juna." Ya yi dariya har da tari, sannan ya zaunar da ni.

Abin da ya gaya mini shi ne, lambar da ke jikin bututu suna ce kawai, ba awo ba ce. Sunan ya samo asali daga zamanin bututun ƙarfe, lokacin da lambar ke nuna kusan faɗin ramin ciki. Daga baya kaurin bango ya sauya, amma aka bar faɗin waje yadda yake domin tsofaffin mahaɗai su ci gaba da shiga. Saboda haka farin bututun PVC mai suna rabin inci, faɗinsa daga waje inci 0.84 ne. Mai suna 3/4 inci 1.05 ne, abin da na auna ke nan a falonsa. Mai suna inci 1 kuwa 1.315 ne. Waɗancan masu rawaya-rawaya CPVC ne, na ruwan zafi, kuma ƙananansu awon bututun tagulla suke bi, shi ya sa 3/4 ɗinsu daga waje inci 7/8 ne kacal. Ya ɗauki guntu ɗaya ya nuna mini dogon rubutun da ke kwance a jikinsa daga wannan baki zuwa wancan: irin robar, girman, kaurin bango, ƙarfin ruwan da zai iya ɗauka, da alamar NSF ta waɗanda aka amince a sha ruwan da ya bi ta cikinsu. Ni duk zuwana biyu ban karanta wannan layi ba, ado na ɗauke shi.

Zuwa na uku tare muka tafi a motarsa, kuma a nan ne na koyi inda kuɗi ke zurarewa. Bututu shi kansa ba shi da tsada. Mahaɗai ne ke cin aljihu, domin abin shanya ɗaya sai ya lashe goma sha wani abu, kuma in ka ɗauke su ɗai-ɗai daga kwando ka fi biya. A ƙasan kwandunan, inda sai ka sunkuya, akwai jakunkuna masu guda goma-goma da aka tanada don 'yan kwangila, kuma babu wanda ya hana kowa ɗauka. Dattijo ya ce kafin in sake taka shago in zana abin da zan haɗa a takarda, in ƙirga elbo nawa, ti nawa, sannan in duba ko akwai kusurwar da za a iya sokewa. Kowace kusurwa da ka rage, kuɗi ne ya koma aljihu.

Daga nan ya ja ni sashen kayan lantarki. Akwai bututu ruwan toka da ake zura waya a ciki. Shi ma PVC ne, faɗinsa na waje ɗaya ne da na farin bututun famfo da ake kira Schedule 40, don haka mahaɗan famfo suna shiga cif, kuma an yi shi ya jure rana. Farashin wannan da na farin suna sauyawa, yau wannan ya fi sauƙi gobe wancan, saboda haka yanzu duk lokacin da zan saya sai na leƙa sashen biyu. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba a tura ruwan famfo ta cikinsa. Akwai kuma wani ruwan toka mai duhu, Schedule 80, mai kaurin bango da tsada, wanda bai kamata a rikita shi da na lantarki ba. Don shanya da kantar takalma, sayensa asara ce kawai.

Sauran wuraren ni na gano su a hankali cikin shekarar farko. Masu sayar da kayan ban ruwa na lambu suna da bututu mai siririn bango, Class 200, sau da yawa mai tsawon ƙafa 20, kuma ya fi araha, sai dai yana saurin lanƙwasa. Ya dace da rumfar shuka da za a lulluɓa da leda, bai dace da abin da zai ɗauki jiƙaƙƙun wanduna ba. Shagunan gwanjon kayan gini, inda mutane ke kai ragowar aikinsu, nan ne na fi samun mahaɗai a ɓagas, amma sai da haƙurin tono cikin kwali. A Facebook ma mutane sukan sa ragowar bututu kyauta ga wanda zai zo ya kwashe. A nan ne araha ba ta ado take aiki. Bututun da ya shekara a rana launinsa yakan dushe, ya yi gautsi, ka taka shi ya tsage. Wanda kuma aka ciro daga magudanar ƙazanta, ko kyauta ne ba ya shiga gidana. Guntayen da ake gani a wurin gini kuwa, ko a kwandon shara suke, ba a ɗauka sai an tambayi mai aikin. Baƙo ba shi da bakin da zai yi wa ɗan sanda bayanin cewa shara ya ɗauka.

Intanet tana da amfani a abu ɗaya. Akwai mahaɗai masu baki huɗu ko biyar da aka yi musamman don haɗa kayan ɗaki, waɗanda ba kasafai ake samu a sashen famfo ba tunda ruwa ba ya buƙatarsu. Suna da kyau, amma sun fi tsada, kuma da ti da elbo da ɗan guntun bututu tsakaninsu za ka fitar da kusurwa iri ɗaya, sai dai ba ta kai su kyan gani ba. Shi kuwa dogon bututu, kuɗin kawo shi yakan cinye duk rangwamen da ka gani.

Sai maganar gam, wadda ita ma ta ci mini mahaɗai huɗu. Abin da ake kira gam ɗin PVC narkar da fuskar robar yake yi, bututu da mahaɗi su zama abu ɗaya. In ka shafa ka zura ka murɗa kwata, daƙiƙa talatin kawai za ka riƙe, daga nan magana ta ƙare, sai zarto. Kuma bututun da ka gwada a bushe ba ya kaiwa ƙarshen mahaɗi, amma da gam sai ya zarce har ƙurya, abin da ka auna ya gajarce. Haka ƙafa ɗaya ta abin shanyata ta fito guntuwa, tana rawa. Dattijo ya ce abin da ruwa ba zai bi ta ciki ba, me ya kai ka shafa masa gam? Ka buga shi da gudumar roba ya zauna, in kana tsoron zamewa ka ɗaura ƙaramin sukuru ta gefe. Warin gam ɗin ma kaɗai ya isa hujja. A ɗaki mai rufaffiyar taga, ga yara, bai dace ba.

Akwai wuraren da ban bari son araha ya kai ni ba. Famfon gidan haya ba nawa ba ne, in ya yi yoyo mai gida nake kira, domin ruwan da ya zubo wa na ƙasa a kaina zai ƙare. Farin PVC ba ya jure ruwan da ya wuce digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, CPVC ne ke kaiwa wajen 93. Ba a tura masa iska mai matsi, domin in ya fashe tarwatsewa yake yi kamar gilashi. Ba a gasa shi a wuta don a lanƙwasa, hayaƙinsa guba ne. Na kuma ga hotunan waɗanda suka yi wa yara lilo da gadon sama da shi, ni dai ban yarda ba, musamman da na ga yadda sanyin hunturu ke ƙara masa gautsi.

Waɗancan guntaye takwas masu inci 1 da na yanka a filin motoci sun yi wata uku a bayan kujera suna harararmu. Daga baya na lura cewa sandar sama ta abin shanyar, mai 3/4, ta fara yin ciki saboda nauyin tawul. Sai na sayo jakar mahaɗai masu inci 1 na haɗa wani sabo da su, wanda ko bargo aka ɗora masa ba ya motsi, na mayar da na farkon kantar takalma. Uwargida ta goge rubutun jikinsu da maganin goge farce mai asiton, suka yi fari tas, har wata baƙuwa ta tambaye ta shagon da ta saya.

Bayan shekara biyu muka tashi zuwa wani gida. Na zare sukurorin, na ɗaure bututun wuri ɗaya da igiya, mahaɗan kuma na zuba su a jakar nan ta dattijo. Mai gida ya zo ya bi bango da tocila bai samu rami ko ɗaya ba, ya sa hannu a takarda. Muna loda mota sai ga wani saurayi da matarsa da suka sauka ƙasar a makon, su ne za su shiga gidan da ke kallon namu. Ya ga ƙunshin ya ce, "Yaya, aikin famfo kake yi?" Na ce a'a, abin shanya ne. Na ciro masa elbo ɗaya daga jakar na ce ya sa a aljihu, ranar da zai je shago ya tafi da shi.