Ina kakanninmu suke a 1924?

Duk yaron da ya yi makaranta a Sudan ya san shekarar 1924. An koya mana Ali Abdul Latif da Ubaidu Haj al-Amin da ƙungiyarsu ta Farar Tuta, wadda aka zana kogin Nilu a jikin tutarta. An koya mana fitowar ɗaliban makarantar soja titunan Khartum a watan Agusta, da harbin gwamna janar Lee Stack a Alƙahira a watan Nuwamba, da yadda Turawan Ingila suka ce sojojin Masar su tattara nasu ya nasu su bar ƙasar. Sai Abdul Fadil Almaz, wanda ya ja daga a asibitin soja har sai da aka rushe ginin a kansa da igwa. Ina son wannan tarihin, har yau in na karanta labarin Almaz tsigar jikina tashi take. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ban ga mutanenmu Hausawa a ko shafi ɗaya ba, alhali a shekarar nan muna ƙasar, dubbanmu.

Lokacin da Khartum ke tafasa, kakana na wajen uba yana bakin Shuɗin Nilu yana haƙa tur'a, wato magudanar ruwan noma. Ana ta gaggawar gama madatsar ruwa ta Sinnar, wadda aka kammala a 1925, aka buɗe gonakin Jazira da fadan 300,000 (fadan ya ɗan haura eka ɗaya) don masaƙun Ingila su samu auduga. Masu hawasha, wato manoman da aka yanka wa gonakin, suna da kashi 40 cikin ɗari na kuɗin audugar, sauran gwamnati da kamfani su raba. Amma shuka da noma da tsinka sai da hannun ɗan adam, kuma hannu da yawa namu ne. Wasu suna fitowa daga Maiwurno da ƙauyukan da ke kewaye, wasu suna kwana a kambo, bukkokin kara a gefen tur'a, inda har gobe jikokin wasunsu suke.

Su kuwa waɗannan masu tsinkar auduga sun riga 'yan Farar Tuta gamuwa da bindigar Bature da shekara ashirin. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya kira hijira zuwa gabas, manoma da malamai da masu sarauta suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. A Burmi aka tsare su, ranar 27 ga Yuli aka kashe shi tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar suka ci gaba, har suka sauka kudu da Sinnar wajen 1906. Turawan da suka kashe masa uba su ne dai ya tarar suna mulki a nan, tun bayan yaƙin Karari na 1898, kuma su suka bar shi ya kafa garin Maiwurno, don ƙasar ta yi ƙarancin mutane kuma suna neman masu aiki. Wannan ɓangaren yana mini ɗaci, amma haka ya faru.

Kakata, Iya, a Maiwurno aka haife ta. Mahaifiyarta ce ta yi tafiyar tana yarinya, da tukunya a kai, wanta kuma yana rataye da gafaka da allo. Ba miƙewa ɗaya suka yi ba. In guzuri ya ƙare sai su tsaya a wani gari a Wadai ko Darfur su yi damina guda, su girbe gero, su binne wanda ya rasu, su sake ɗaura kaya. Wata rana na tambayi Iya yaushe suka yanke shawarar zama a Sudan. Ta ajiye mazari ta ce, "Maigida, wa ya ce maka an yanke shawara? Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa mun zauna ba. Cewa take muna kan hanyar Makka, mun dai tsaya mu huta." Na daɗe ina juya maganar nan, don a ganina rabin labarinmu yana cikinta. Mutumin da ke ganin kansa a kan hanya ba ya neman takardar zama, kuma ba ya tambayar wa ke rubuta sunayen 'yan gari.

A Umdurman kuwa rubutun ake yi. Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902 ta fara fitar da akawu da malamai da injiniyoyi, afandiyya masu wando da jar dara. A 1918 suka buɗe kulob ɗin waɗanda suka gama makaranta, a 1919 jaridar Hadarat al-Sudan ta fara fitowa. Suna karanta jaridun Masar, suna bin labarin Sa'ad Zaglul da boren 1919, suna tsara waƙoƙin Larabci na kishin ƙasa. Har karatun mata ya fara motsi, tunda Babikir Badri ya buɗe wa 'yan mata makaranta a Rufa'a a 1907. A ɗakunan nan aka fara ƙera abin da ake nufi in an ce ɗan Sudan.

Namu iyayen ba su shiga ba, kuma da gangan suka ƙi. Makarantar Nasara ce suka gudo wa daga Hausa, ba za su miƙa mata ɗa a bakin Nilu ba. Yaro ya tafi halwa da allonsa, ya yi tilawa a gindin wuta, ya sauke, a yi masa walima. Waɗanda zuciyarsu ke neman jagora suka nufi tsibirin Aba wajen Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi, suka yi masa noma suna jiran alkawarin ƙarshen zamani, har Turawa suka riƙa tsorata da yawan mutanen yamma da ke taruwa a can. Ni ban ga laifinsu ba. Sun ƙi mulkin mallaka da ƙafafunsu da rayukansu, da yaren addini, wanda shi suka sani. Sai dai ranar da aka zo rabon ƙasa da yaren jarida da takardar koke, ba mu da ko mutum ɗaya a teburin.

Abin da ya sa nake ƙara girmama Ali Abdul Latif shi ne, shi ma ba ɗan manyan gidaje ba ne. Mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Dinka ce, iyayensa sun ɗanɗani bauta, soja ne ya ɗaga shi. Sudan ɗin da yake kira babu tambayar ƙabila a cikinta. Da ƙungiyarsa ta yi ƙarfi, sai aka fito a Hadarat al-Sudan ana tambayar asalinsa, wai ɗan wa ne da zai yi magana da yawun al'umma. Ya ƙare rayuwarsa a tsare, ya rasu a Masar a 1948. Da ra'ayinsa ne ya yi rinjaye, na tabbata da wurinmu ya samu tun da wuri. Ra'ayin masu ƙirga nasaba ne ya ci.

Duk da haka mun shiga al'adar ƙasar ta ƙofar da ba mai gadi. A'isha al-Fallatiya, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman, a farkon shekarun 1940, kuma duk Sudan ta rera tare da ita. Agashe ya zama naman kowa. Amma ko ita, da laƙabin baƙunta aka san ta, don Fallata ake kiran mutanen yamma a Sudan.

Sai doka ta zo. Majalisar masu ilimin zamani da aka kafa a 1938 ta miƙa wa gwamnati buƙatunta a 1942, ciki har da a fayyace wane ne ɗan Sudan kuma a taƙaita shigowar baƙi. A 1948 aka fayyace: wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Dokar 1957, bayan samun 'yanci, ta riƙe wannan ranar. An yi Burmi a 1903, aka sauka kudu da Sinnar wajen 1906. Da 'yan shekaru kaɗan aka bar mutanen Mai Wurno a waje. Hatta jikokin Takarir, mutanen yamma da suka daɗe a Gallabat, da na waɗanda suka yi yaƙi a rundunar Mahadi tun kafin wannan ranar, sai da aka ce su kawo shaida.

Baffana ya samu aikin jirgin ƙasa a shekarun 1970, aka ce ya kawo jinsiyya, takardar shaidar ɗan ƙasa. Ya je wani ofishi da shaidu biyu da takardar shehun unguwa. Ma'aikacin ya rubuta sunansa da na ubansa da na kakansa, sannan ya tambayi ƙabila. Da ya ji Hausa sai ya rufe fayil, ya ce layinsa na can, wajen masu neman zama 'yan ƙasa, ba wajen haifaffu ba. Wani da ke bayansa ya raɗa masa cewa ya faɗi wata ƙabilar a wuce wurin, kowa haka yake yi. Baffa ya ƙi, aikin ya wuce shi. Da yake ba ni labarin ya ce, "Ɗana, a Maiwurno aka binne cibiyata, ubana ya haƙa tur'ar da suke shan ruwanta. In roƙi abin da aka haife ni da shi?"

A 1994 an mayar da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956, takarda ta yi wa da yawanmu sauƙi. Tambayar ce ba ta mutu ba. A Yulin 2022, da rikici ya tashi a Rusairis da Damazin kan ko Hausawa na da haƙƙin samun sarautarsu a jihar Shuɗin Nilu, an kashe mutane da yawa, dubbai suka bar gidajensu, kuma hujjar da aka riƙa maimaitawa ita ce wai mu baƙi ne, ba mu da ƙasa.