Talata a Oslo, ranar da na nemi bulala a shagon kifi

Yau sai da 9 ta wuce gari ya waye, ni ko tun 8 ina tasha ina jiran bas, sanyi kamar zai gutsire min kunne. Disamba kenan a garin nan, kafin 3 da rabi duhu ya dawo, azahar da la'asar da magariba duk a cushe wuri ɗaya.

A ajin norsk, wato yaren Norway, malama ta ɗauko zancen en, ei, et, wai jinsi uku suna yake da shi a yarensu: en bil mota, ei bok littafi, et hus gida. To in kana nufin wanda aka riga aka sani, a wutsiyar kalmar ake liƙa alamar, sai su koma bilen, boka, huset. 'Yan aji suka yi tsuru-tsuru, masu ji da Turanci duk sun rikice, ni kuwa a raina na ce ai wannan kayan gidanmu ne, mota motar, gida gidan. Boka ɗin ne dai ya sa na ƙyalƙyale ni kaɗai kowa ya juyo yana kallona, yaya zan yi musu bayanin boka da ƙaramin norsk ɗina?

Aikatau ba shi da wahala ko kaɗan, jeg er ni ne, du er kai ne, vi er mu ne, ko wa ke magana ba ya canzawa. Inda nake faɗuwa kullum shi ne dole aikatau ya zo na biyu a jimla, na rubuta i dag jeg spiser, wato yau ina ci, har sau huɗu, sau huɗun ta bi da jan biro ta mayar i dag spiser jeg.

Sai aka zo karin sauti. Ta faɗi bønder manoma, ta faɗi bønner wake, rubutu daban amma a baki hawa da saukar murya ne kawai ya raba su. Wata 'yar Poland da ke gefena ta rantse abu ɗaya take ji. Ni na ji tun karon farko, wanda ya tashi yana raba kukan miya da kukan yaro ai kunnensa a buɗe yake. Haka tak rufin ɗaki da takk na gode, a na farko wasalin ake ja, a na biyu baƙin ake dannewa. Wallahi na fito ina jin kaina.

Ashe unguwar Grønland na jirana. Na shiga sayen kifi, na tattaro jimlata tsaf, maimakon fisk, wato kifi, bakina ya fitar da pisk. Mai shagon ya danne dariya ya nuna min firji. Sai a bas na duba waya na ga pisk bulala ce. Wannan f da p tun firamare suke bina, ga shi sun biyo ni har nan.

Da dare Inna ta kira, na ba ta labari, ta yi dariya har da tari, ta ce 'yar nan ko dai ki riƙa nunawa da hannu. Na ce Inna jarrabawar baki ba a nuni. Yanzu madubi ne a gabana ina murɗa leɓe ina gwada ø da y, gobe kuma sautin kj za mu yi, har yau kjøtt ɗina, wato nama, shot yake fita.