Gadar Gaya da Malanville

Wallahi har yau abin da na gani a Gaya ta Nijar, a kan iyaka da Benin, a 2024 bai bar raina ba. Gada ga ta nan lafiya lau amma an tare ta da kontena, mu kuma muna cikin kwalekwale da buhunan albasa da masara, ruwa na taɓa bakin jirgin, wata tsohuwa kusa da ni ta riƙe jikanta gam tana ta salati har muka kai Malanville, a ɓangaren Benin.

Tun juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe gadar. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ce a'a, wai akwai sansanonin Faransa a can, Benin ta musanta. Kayan da a da ke zuwa daga Kwatano a lokacin sai ta Lome, su ratsa Burkina da rakiyar sojoji, kuɗin mota ya hau, shinkafa ta hau.

Ni dai na fahimci maganar tsaro, amma ɗan dakon da ya ɗauko min kaya ya ce min "Alhaji, matata 'yar can ƙetare ce." Na rasa me zan ce masa.