Hitar da na saka bayan kwana biyu babu wuta

A hunturun bara ƙanƙara ta tsinke wayoyin lantarki, muka kwana biyu a duhu. A daren farko na gane cewa babbar hitar da ke ɗumama gidanmu, duk da gas take ci, da lantarki fankarta take juyawa. Wuta na ɗaukewa ta yi tsit. Ina kallon numfashin 'yar autata yana fita kamar hayaƙi a tsakiyar falo, yatsunta sun yi sanyi ƙalau.

Da farko hitar kananzir na so saya, don sauƙin ɗauka. Abin da ya hana ni shi ne duk abin da ta ƙona a cikin ɗaki yake tsayawa. Iskar kabon monoksaid, guba mai fitowa daga ƙonewar mai, ba wari, ba launi. Sai dai ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ko wannan ba zai ji ba. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Na ƙare a kan hitar gas ta jikin bango, wadda ba ruwanta da lantarki. Bututunta biyu ne, ɗaya cikin ɗaya: na wajen yana jawo iska, na cikin yana fitar da hayaƙi, wutar kuma a kulle take bayan gilashi. Ƙwararre ne ya huda bangon, ban yarda in taɓa da hannuna ba. Ya ja mini kunne in riƙa kwashe dusar ƙanƙara daga bakin bututun.

Na'urar gano iskar kabon monoksaid, mai batir, tana maƙale a ƙofar ɗakin kwana. Janareta kuwa, da yake shi ma yana fitar da wannan iskar, a waje yake, mita 6 daga taga.