Yadda muke cinikin sabuwar jif a Jidda

Ni dai sana'ata raka mutum sayen mota ce. Ina da ɗan ofis a kudancin Jidda, ba nisa da ma'arid, wato wuraren sayar da motoci, na Hayyul Jauhara, mu uku ne a ciki, ni da ƙanena da wani yaro mai yi mana zirga-zirgar takardu. Ko mota ɗaya ba mu da ita a ajiye, ƙafa da baki kawai muke sayarwa, mu zaga mu tambaya mu zauna a yi ciniki mu karanta takarda kafin mutum ya sa hannu, sai ya ba mu la'adarmu da muka yanke tun farko. Kuma daga hannun mai saye kaɗai nake karɓa, ban taɓa karɓar ko riyal ɗaya daga mai ma'arad ba, don duk ranar da ka ci nasa to bakinka ya mutu a gabansa. Yawancin masu zuwa wajenmu 'yan uwa ne Hausawa, wasu haifaffun nan daga Shara Mansur da Misfala a Makka ko Sabil da Hindawiyya nan Jidda, wasu kuma likitoci da malaman jami'a da suka zo aiki daga Najeriya da Nijar, suna da iƙama suna da albashi amma Larabcin kasuwa bai zauna musu a baki ba tukuna.

Da can Camry ake nema ko Accent ko Hilux. Amma tun watan Yunin 2018 da aka ba mata damar tuƙi, aikinmu ya karkata wajen ƙaramar jif, wadda mutanen nan suke ce wa jeb. RAV4, Tucson, Sportage, Creta, ga kuma 'yan Caina da suka cika gari, Changan da Geely da MG da Haval. Mace tana so ta zauna sama kaɗan ta ga titi, ga yara ga kayan cefane, kuma wanda ya taɓa ganin ruwan sama a Jidda ya san amfanin mota mai tsayi.

Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne kasuwar nan biyu ce. Akwai wakala, wato babban wakilin kamfani, kamar Abdul Latif Jameel da ke riƙe da Toyota tun 1955, ko Naghi da ke da Hyundai a nan yammacin ƙasar. Can farashi a rubuce yake, yaron da ke gabanka ba shi da ikon rage maka wani abin kirki ko da kun kwana kuna ja, amma yana iya ƙara maka abu, tazlil wato duhunta gilasai, sabis kyauta na wani lokaci, wani zubin har kuɗin lamba da istimara, wato takardar rajistar mota, to nan ake matsawa. Sai kuma ma'arid, 'yan kasuwa ne da ke saro motocin da yawa su jera, su farashinsu kamar na tumatir yake, motar da ake rububi sai su ɗora ta sama da na wakala don can sai ka jira layi, wadda ta kwana musu kuma su sauke ta ƙasa sosai. Aikina shi ne in san wace mota ce ta kwana wa wa.

Tambayata ta farko kullum ɗaya ce, shamil dariba? Wato da haraji a ciki? Harajin nan kashi 5 ne da aka fara shi a 2018, daga 1 ga Yulin 2020 ya koma kashi 15, to a motar riyal dubu 100 kana maganar dubu 15 ke nan, ba kuɗin wasa ba ne wallahi, na ga magidanci ya zo da kuɗinsa cif-cif a kan farashin da ya gani a shafin talla na Haraj ya koma gida jiki a sanyaye.

Bara gab da azumi Goggona ta kira ni, ƙanwar mahaifina ce, ita Babana take ce min saboda sunan mahaifinta aka sa min. Ta ce Babana ƙanwarka ta gaji da kuɗin tasi, ka zo ka saya mata mota. Yarinyar malamar makaranta ce a Makka, ta yi shekara biyu tana zubin adashi, Goggo kuma ta sayar da wasu awarwaronta ta cika, duka suka haɗa riyal dubu 105. Ita wata 'yar Koriya take so, kuma ful kamil, wato mai cikakkun kayan alatu har da rufin gilashi. Na ce mata ƙanwata ranar Makka ba ta son rufin gilashi, ki ɗau nus ful mai matsakaitan kaya, kyamarar baya da na'urar sanyi mai kai wa kujerun baya su ne abin da za ki mora kullum, sauran ado ne. Ta ɗan ɓata rai ta ce Yaya kai dai ba ka son abu mai kyau, amma ta yarda.

Mun fara da wakala ba don mu saya ba, don a ba mu farashi a rubuce. Suka rubuta 109,000 da haraji. Wannan takardar ita ce makamina, ba na shiga ma'arad hannu rabbana.

Wani ma'arad da ƙanena ya kira a waya sun ce masa 92,000, yarinya har ta fara murna. Da muka je muka zauna aka kawo shayi da dabino, na ce a buga min jimla, sai ga shi haraji bai ciki, ya zama 105,800, sannan ga wani kuɗi wai rusum idariyya na aikin ofis, ga ledar kariya da suka riga suka manna wa motar wai dole a biya 3,500 tunda ba ta ciruwa, kafin ka ce kwabo mun wuce farashin wakala. Da mai sayarwar ya ga mun yi shiru sai ya juya wajen yarinyar ya ce me zai sa ta zuba kuɗinta gaba ɗaya, ta yi taƙsiɗ mana, ɗan abu kaɗan duk wata har ma ta ɗau ful kamil ɗin. Nan ne raina ya ɓaci gaskiya, don na san abin da ke ƙarƙashin wannan maganar. Mai sayarwa yana son ya ɗauke idonka daga jimla ya kai shi kan kuɗin wata. A tsarin taƙsiɗ na ijara, wato haya, motar da sunan banki take har ka gama biya, kai mai amfani ne kawai, inshorar shamil, wato cikakkiya, dole ce duk shekara, fita da ita ƙasar waje sai da tafwid, wato izinin banki, kuma can ƙarshen shekara biyar ga daf'a akhira tana jiranka, dunƙulallen kuɗi da mutane ke mantawa da shi ranar sa hannu. Ban ce taƙsiɗ haramun ne ga kowa ba, wanda ba shi da tsaba ina zama da shi mu lissafa mu zaɓi mai sauƙi, amma wadda ta zo da guminta na shekara biyu a hannu ba za a mayar min da ita mai bashi ina zaune ba. Muka yi godiyar shayi muka fita.

Washegari bayan la'asar muka je wani da na san yana da farare guda huɗu samfurin shekarar da ta wuce, sababbi dal ko leda ba a cire ba, sabon samfuri ya sauka ya same su a tsaye. Kafin maganar kuɗi sai da na duba biɗaƙa jumrukiyya, wato takardar kwastam, na gwada lambar shasi da ta jikin mota, na tabbatar ta hannun wakilin Saudiyya ta shigo saboda garanti, na sa aka faɗa min daga wace rana garantin zai fara ƙirga kuma na ce sai an rubuta. Na durƙusa na karanta lambobi huɗun nan na jikin taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, don motar da ta daɗe a rana tayarta da batirinta suna tsufa ko ba ta taka titi ba. Batirin ya yi sanyi, na riƙe wannan a raina.

Ya ce 103,000 da haraji. Na ce 96,000 kuma yau za a tura kuɗi. Ya dafa ƙirji ya ce ya shaikh ko shi bai saro ta haka ba. Na ajiye masa takardar wakala na ce tsakaninka da sabon samfuri dubu shida ne kacal, wa zai bar na bana ya ɗau na bara a kan dubu shida, ga azumi ya zo kowa zai fito da rangwame, motocin nan huɗu za su yi sallah a wajenka. Ya sauko 101,500 ya ce akhir kalam, wato maganar ƙarshe. Muka yi ta ja kusan awa ɗaya, ni ban ɗaga murya ba don ba a cinikin mota da faɗa, ka bar mutum da mutuncinsa zai fi sauko maka. Goggo da ke gefe tana jan carbi tun ɗazu ba ta ce uffan ba sai ta miƙe ta gyara mayafi ta ce Babana tashi mu tafi, abin da ba rabonka ba ko ka kwana a kansa. Kuma har zuciyarta tafiyar take nufi. Mun kai bakin ƙofa ya biyo mu yana ya Hajja ya Hajja, ya ce saboda girmanta 99,500. Na ce da lamba da istimara da tazlil da sabon batir, duka a rubuce cikin takarda ɗaya. Ya yi jim ya miƙo hannu.

Inshora ban bari a yi mana a can ba, a waya muka kwatanta kamfanoni muka ɗau shamil tunda sabuwar direba ce, ragowar kuɗin ya ishe ta har da ɗan canji. Saƙon Absher, manhajar gwamnati, ya shigo wayarta ta amince, bayan kwana biyu lamba ta fito.

Ranar ɗauka na cika mata tanki da fetur 91 daga aljihuna, Goggo ba na karɓar la'adarta. Ta zauna a gaba tana karanta Subhanallazi sakkhara lana haza, yarinyar ta riƙe sitiyari da hannu biyu, na bi su a baya da tawa har suka hau babban titin Makka sannan na juyo, don wani likita ɗan Zariya yana ofis yana jirana tun azahar da hoton Sportage a wayarsa.