Abin da ke toshe membiren ɗin injin RO

Gaskiya abin na damuna in ji ana cewa injin RO, wato injin da ke tace ruwa ta hanyar matsa shi da ƙarfi ta cikin membiren, ya lalace, alhali membiren ɗin, wato siririn matacin da ke cikinsa, shi ne kawai ya toshe. Ku duba fa, in inji na tace kashi 75 na ruwan da ya shiga, to ma'adinan da ke ciki duk sun taru a ragowar kashi 25 ɗin nan, sun ninka kusan sau 4 kenan, daga nan sai kalsiyam da silika su fara daskarewa kamar farin nan da ke mannewa a gindin butar dafa ruwa, kuma da yake membiren ɗin a jere suke, yawanci a na ƙarshe yake farawa. Na farko kuwa laka da yauƙin ƙwayoyin cuta ne ke kama shi.

Wankinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Farin kalsiyam da asid ake narkar da shi, irin su sitirik, yauƙi kuma sai ruwan soda, irin sodar da ake haɗa sabulu da ita. Don Allah kar a zuba kulorin, cinye membiren ɗin yake. Da zarar ruwan da ke fita ya ragu da kashi 10 zuwa 15 a wanke, ƙara wa famfo ƙarfi danne dattin kawai yake yi.